Sojojin Jinin Auta

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina shafin yau", to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika rantse sai kin je har shago kin shaƙe Injiniya saboda Auta, ajiye gyalenki tukuna ki karanta, kada ki yi aikin da-na-sani.

*

Auta ta shiga ofishin Likita da ƙafar dama, bakinta na ta motsi. Yaya na biye da ita riƙe da jaka biyu, tata da ta ƙanwarta, fuska a murtuke kamar wadda ta zo shari'a.

Ciki uku Auta ta rasa. Wannan shi ne na huɗu, kuma ya kawo daidai watan da 'yan'uwansa suke tsayawa. Amma ba shi kaɗai yake hana ta barci ba. Ranar da ta je awon farko a ƙaramin asibitin unguwarsu, a gaban mijinta Injiniya, nas ta ɗago kai ta ce an ga alamar tunjere a jininta, cutar nan da ake ɗauka ta wajen kwanciya. Ta yi mata allura, ta ce maigida ma ya zo a duba shi. Injiniya ya ce "to". Daga wannan "to" ɗin bai ƙara cewa uffan a kan maganar ba.

Ita dai ta san kanta. Shi kuwa mutum ne mai yawon garuruwa yana haɗa wa mutane wutar sola, wani lokaci sai ya yi sati ba ya gida. Lissafin ba mai wuya ba ne. Ta shiga banɗaki ta ci kukanta, ta wanke fuska, ta ce ta yafe masa don Allah, ta haɗiye. Sai dai gidan ya mutu murus. Gaisuwa kawai ta rage, ita ma irin ta maƙwabta. Yaya ce ta ja ta zuwa babban asibiti da ƙarfin tsiya aka sake ɗiban jini, yau kuma aka ce su zo su ji.

Likita siririya ce mai gilashi, irin mutanen nan da ko gobara ake yi sai sun gyara zaman kujera. Ta daɗe tana kallon kwamfuta.

Yaya ta kasa haƙuri.

"Likita, don Allah ki faɗa mana. Yarinyar nan tun safe ko ruwa bai wuce maƙogwaronta ba."

Likita ta cire gilashin ta yi murmushi.

"Labari biyu gare ni. Abu ɗaya mun nema ba mu samu ba, ɗaya kuma mun samu. Da wanne zan fara?"

"Da wanda babu," in ji Auta, muryarta can ƙasa.

"Ba ki da tunjere."

"Wato allurar da aka yi mata ce ta kashe cutar?" Yaya ta tambaya.

"A'a. Ba ta taɓa yi ba. Wannan awon da muka yi sawun cutar kanta yake bi. Ko an yi magani an warke, sawun yakan zauna a jini. Nata fes yake. Na sa sun maimaita a ɗakin awo don in tabbata, amsa ɗaya ce."

Auta ta dafe tebur da hannu biyu.

"Amma nas ɗin ta ce ta gani. Da kunnena na ji, shi ma ya ji."

"Ta ga wani abu, ba ƙarya ta yi ba. Wancan awon na farko kamar taru yake, duk abin da ya shigo kamawa yake yi. Shi ya sa in ya nuna, ake bin sa da na biyu kafin a faɗa wa mutum magana mai nauyi haka. Ke ba a yi miki na biyun ba."

Yaya ta miƙe tsaye, ta zauna, ta sake miƙewa.

"Bari in je asibitin nan yau ɗin nan. Wallahi sai sun san uwata ta haife ni."

"Yaya ki zauna mana," Auta ta jawo mata gyale ba tare da ta kalle ta ba. "Likita, to me tarun ya kama?"

Likita ta gyara zama. Daga gani an zo wurin da take so.

"Kin tuna kwalaben da aka cika ranar nan? Akwai mai shuɗin murfi, wadda mai ɗiban jinin ya ce sai ta kai daidai layi."

"Na tuna. Har ya tambaye ni ko ina shan maganin tsinka jini, yana gamawa kuma ya fita da ita da sauri."

"Ni na ce masa ya rage wa jaririn ko cokali ɗaya," Yaya ta sa baki. "Sai cika kwalba yake kamar mai sayar da mai."

Likita ta yi dariya.

"To da su muka nemi abu na biyun. Kowa yana da sojoji a jininsa, aikinsu in cuta ta shigo su far mata. Ke kuma wasu daga cikin naki sun rikice, sun kasa bambance baƙo da ɗan gida. Iri uku muke nema, biyu sun fito a naki, kuma da yawa. Akwai wani ɗan sinadari mai maiƙo da ake sawa a wancan awon na tunjere, su kuma waɗannan sojojin da sun gan shi sai su cafke. Sai awo ya ce akwai, alhali babu."

"Ikon Allah," in ji Yaya. "Jininki ma ɗan neman rigima ne."

"Ba nan suka tsaya ba," Likita ta ci gaba, ta sassauta murya. "Sukan sa jini ya riƙa daskarewa a 'yan ƙananan jijiyoyin mabiyiya, inda ɗa yake samun abincinsa. In hanyar ta toshe..."

Ba ta ƙarasa ba. Auta ta riga ta gane.

"Su ne suka ɗauke min ukun."

"Ina kyautata zaton haka. Ƙa'ida sai an maimaita awon bayan wata uku, in ya sake fitowa sannan a tabbatar. Amma da abin da ya faru da ke a baya, ba zan naɗe hannu ina jira ba."

Ku da kuke zaton kuka za ta fashe da shi, ba ku san Auta ba. Dariya ta yi. Ta toshe baki da gefen mayafi, dariyar ta ƙi tsayawa, hawaye na zuba ta gefe. Tunda nake ban taɓa jin wadda aka ce an sami cuta a jininta ta yi farin ciki irin wannan ba, amma ni ban ga laifinta ba. Shekara nawa ana ce mata ɗaukar bokiti ne, hawan bene ne, rashin zama wuri ɗaya ne. Har wadda ta ce ita ce ba ta son haihuwa an samu.

"Yaya, abin yana da suna. Kin ji? Ba bokiti ba ne."

"Na ji, Autarmu. Na ji."

"Likita, ana yi masa magani?"

"Ana yi. Ƙaramin asfirin kullum, da wata 'yar allura da ke hana jini daskarewa, ita ma kullum, a fatar ciki. Ke za ki riƙa yi wa kanki, yanzu za a koya miki."

"Ita?" Yaya ta nuna ta da yatsa. "Wannan da in ta ga allura sai an danne ta mutum uku?"

"Ko goma ce a rana zan yi," in ji Auta. "A ba ni yanzu."

"Ba na yi miki alkawari," Likita ta ɗaga hannu. "Rai na Allah ne. Amma na ga mata da yawa masu irin jininki sun fita daga nan da goyo. Hau gadon can mu gaisa da mutumin."

Auta ta hau, ta ɗage riga. Likita ta shafa mata wani abu mai sanyi, ta ɗora wata 'yar na'urar sauraron bugun zuciya tana zagayawa da ita. Da farko shuuu kawai ake ji. Yaya ta kama ƙarfen gado ta runtse ido.

Sai ga shi.

Dif dif dif dif, da sauri, kamar keken ɗinki a hannun telan da ake jira.

"Shi ne?" Auta ta tambaya cikin raɗa.

"Shi ne. Kuma da ƙarfinsa."

Yaya, wadda ta zo da shirin faɗa, ita ta fara rushewa da kuka, har da jan majina. Auta kuwa ido ta zuba wa silin tana murmushi, tana jin daɗin da ta manta akwai irinsa a duniya.

Tana cikin gyara zani ne abin ya faɗo mata. Ta tsaya cak.

"Yaya."

"Na'am?"

"In ban taɓa yin cutar ba, ai ba wanda ya sa min ita."

"Haka ne."

"To shi fa? Bawan Allah bai yi komai ba."

Yaya ta sunkuyar da kai. Ita ce fa tun ranar take kiransa "mai yawon sola", ita ce ta ce dama idonsa bai yi mata ba tun ranar ɗaurin aure.

"Innalillahi. Na ɗauki alhakin mutum," in ji Auta, ta dafe ƙirji. "Kullum in ajiye masa abinci ina kallonsa ina cewa a raina Allah ya shirye ka. Tashi mu tafi, Yaya. Shago za ki kai ni."

"Allurar fa?"

Sai da Likita ta tsare ƙofa kafin ta yarda ta tsaya. Nas ta nuna mata yadda za ta tattaro fata da yatsa biyu, ta soka, ta ƙirga a hankali, ta zare kada ta murza wurin. Auta ta karɓa ta yi wa kanta ta farko ko gezau, Yaya ce ta juya baya tana salati.

*

Motar Yaya irin wadda sai an lallaɓa ta ce take tashi, amma yau bugu ɗaya ta amsa.

"Kin gani, ita ma ta san da labari," in ji Auta. "Taka ta, Yaya."

"In taka ta da mai ciki a ciki? Ki rufa min asiri."

"Me zan fara ce masa? In fara da bugun zuciyar ko da neman gafara?"

"Ki fara da sallama."

"Yaya ina maganar gaske."

"Ni ma ita nake yi. Ki bar rawar kai, kin san shi da sanyin jiki, kada ki sa ya sume a kan batir."

Auta ta yi dariya, ta sauke gilashi iska na kaɗa mata mayafi. Ta ciro hoda ta shafa, ta goge, ta sake shafawa. Ta ɗauki waya za ta kira shi ta fasa, wai so take ta ga fuskarsa.

"Duk kayan marmarin da yake jido min, Yaya, ni ina cewa kunya ce take cinsa yake toshe min baki. Ashe tausayi ne. Kai, shaiɗan bai yi ba."

"To ai sai ki haɗa da nawa ban haƙurin."

"Ba za ki shiga ba?"

"In shiga da wane idon? Ni ina mota. In kun gama soyayyarku ki kira ni in zo in gaishe shi kamar mutuniyar kirki."

Shagon Injiniya a ƙarshen layin masu kayan wuta yake. Farantan sola jingine da bango, manyan batura jere a ƙasa, wayoyi ja da baƙi a rataye, ga ƙaurin dalma. Yana kan ɗan benci ya buɗe cikin wata inbata, na'urar nan mai juya wutar batir, ya sunkuya da abin liƙi a hannu. Shi kaɗai ne.

Da ya ji sallamarta ya ɗago, ya miƙe da sauri, ya jawo kujera ya kaɗe mata ƙura. Irin ladabin nan da ya ishe ta.

"Lafiya? Me ya fito da ke cikin ranar nan?"

Ba ta zauna ba. Duk tsarin da ta yi a mota ya watse, maganar ta riƙa fitowa a hargitse, ta baya kafin ta gaba. Sojojin jini, shuɗin murfi, taru, asfirin, allura a ciki, ga wurin ma in yana so ya gani. Ta ji zuciyar ɗan da kunnenta, dif dif dif, Yaya har da kuka.

"Tsaya, tsaya," ya ce. "A hankali. Wane taru?"

"Awon farko ne ya yi kuskure. Likita ta ce ba ni da cutar nan. Ban taɓa yin ta ba ma."

Abin liƙin ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi ƙasa.

"Ki maimaita."

"Ban taɓa yi ba."

"Likita ce ta faɗa? Da bakinta?"

"Sau biyu suka auna."

"Ta ce ba ki taɓa yi ba? Ko sau ɗaya, ko a da can?"

"Haka ta ce mana."

Injiniya ya ja da baya har sai da ya zauna a kan batir. Ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa na girgiza. Can ya zame ya kai goshi ƙasa, cikin ƙura da guntayen waya, yana alhamdulillah ba ƙaƙƙautawa.

Daɗi ya kama Auta har ta rasa inda za ta sa kanta. Yana ɗagowa ta durƙusa a gabansa, ciki da komai.

"Yallaɓai, ka yafe min."

"Tashi, tashi don Allah, da cikin za ki durƙusa?"

"Ba zan tashi ba sai ka yafe. Na zarge ka. Tun ranar nake ɗauka kai ka kwaso a yawon aikinka ka kawo min. Na yi shiru ne kawai, amma a zuciyata na gama yanke maka hukunci."

Ya tsaya da hannu a miƙe, yana kallonta da mamaki na gaske.

"Ni? Ni kika zarga?"

"To wa zan zarga?"

"Ai ni washegari na je aka duba ni. Wuri biyu ma, don in tabbata. Ba a ga komai ba."

"Ka gani," ta yi dariya tana share ido. "Ai dama ba za a gani ba. Da ka faɗa min ai da tuni..."

Dariyar ta tsaya a hanya.

Ta dafa kujera ta miƙe a hankali. Ta kalle shi, ta kalli ƙurar da ke goshinsa.

"Washegari ka ce?"

"E."

"Tun washegari ka san kai ba ka da ita."

Ya sunkuya zai ɗauki abin liƙin.

"Bar shi a nan, ba gudu zai yi ba. Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Ban so in tayar miki da hankali ba, ga ciki."

"A ce mijina lafiyarsa ƙalau, wannan ne tashin hankali?"

Ya kau da kai.

"Na shigo na ce maka na ji bugun zuciyar ɗanka. Ba ka tambaye ni yaya yake ba. Na ce an gano abin da ya kashe mana uku, ba ka ce mene ne ba. Abu ɗaya ka tambaya, sau uku."

"Auta, ki zauna mu yi magana."

"Sujjadar nan da ka yi, ta mece ce?"

Wata mota ta wuce a waje tana hon. Daga can nesa ana jiyo rediyon motar Yaya, ta ƙure shi tana bin waƙa, ita a dole yau ranar farin ciki ce.

"Ka ga naka babu, ni kuma an ce ina da ita," Auta ta ce, muryarta ba ta ko rawa. "Ni da na yi nawa lissafin, a kanka ya faɗa. Kai da ka yi naka, a kan wa ya faɗa?"

"Shaiɗan ne, wallahi shaiɗan ne. Ki sa kanki a matsayina. Ina tafiya in bar ki sati..."

"Ka bar ni da wa? Da bango huɗu da ciwon mara?"

"Ban taɓa faɗa miki magana marar daɗi ba. Ban rage ki da komai ba."

"Da ka zage ni ai da ya fi. Da na rantse maka tun a ranar." Ta ɗora hannu a kan cikinta, daidai inda ta soka allurar ɗazu. "Wannan fa? Shi ma ka sa shi a lissafin?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya kasa kallon hannun nata, wannan kuwa ya ishe ta amsa. Zafin da ta ji ya fi na ranar da nas ta yi maganar, don a ranar tana ganin ita ce mai yafiya.

"Jira nake ki sauka lafiya," ya ce da ƙyar. "Na ce komai za a yi, sai kin sauka lafiya."

"Komai kamar me?"

Ya shiga kakkaɓe ƙurar goshinsa.

"Injiniya." Rabon da ta kira shi da sunan da 'yan kasuwa ke kiransa har ta manta. "Abu ɗaya zan tambaye ka, kuma ka ji tsoron Allah. Wannan zargin, a cikinka ya tsaya, ko ya fita?"

"Na riƙe shi. Wallahi na yi ƙoƙari na riƙe shi."

"Ya fita ko bai fita ba?"

"Mutum ɗaya ne kawai. Abin ne ya fi ƙarfina, na rasa wanda zan kai wa."

"Wa?"

Ya dubi ƙasa.

"Baba."

Auta ta laluba bayanta tana neman kujerar. Mahaifin Injiniya ya rasu tun kafin a yi aurensu. Mutum ɗaya ne ya rage a duniya da yake kira Baba, shi ne wanda ya haife ta.